Ɗana, Ba Raki Ba Ne

Ɗana, ranar da tashin hankali ya shigo gidanka, jari ya karye ko yaro ya kwanta asibiti, za ka ga kai ka yi gum, ita kuwa maiɗakinka ta kasa barci, motsi kaɗan ta zabura. Kada bakinka ya kuskura ya ce mata raki ne ko ƙarancin tawakkali. Maganar tana da ciwo, kuma zalunci ce.

Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwarsa tana sakin wani sinadari da likitoci ke kira CRF, saƙo ya gangara har zuwa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su zubo sinadarin kotisol cikin jini. Mace da namiji duk haka Allah ya yi su. Wajen karɓar saƙon ne aka rabu. A 2010, Debra Bangasser da Rita Valentino, a Filadelfiya ta Amurka, sun binciki sashen ƙwaƙwalwar ɓera da ke sa shi zama a faɗake. Ɗan CRF ɗin da bai girgiza namiji ba ya isa ya tayar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar macen. Bayan an sha wuya kuma, ƙwayoyin namijin sukan janye kafofin karɓar sinadarin zuwa ciki, kamar mai rufe tagogi da hunturu, na macen kuwa su zauna a buɗe. Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma ba kowace mace ce ɗaya da 'yar'uwarta ba. Amma a cikin mutane ma, ciwon damuwa ya fi kama mata, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar.

Kai ma kada shirunka ya ruɗe ka. A Jami'ar Trier ta Jamus, Clemens Kirschbaum da abokan aikinsa sun riƙa tsayar da mutane gaban alƙalai masu ɗaure fuska, a sa su jawabi, sannan lissafi da ka. Kotisol ɗin maza ne ya fi hawa. A Kalifoniya kuma, Mara Mather da ɗalibanta sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwan ƙanƙara. Bayan nan maza suka ƙara kasada, mata suka ƙara taka-tsantsan. Kasadar mazan nan ita ta fi tayar mini da hankali. A irin wannan sa'ar ce magidanci yake furta saki, ko ya sayar da gona a wulaƙance. Ka yi alwala, ka kwana a kan maganar, ka nemi shawarar na gaba.

Ke kuma 'yata, idan maigida ya ja bakinsa ya yi shiru, kada ki ɗauka bai damu ba ne. Ki ba shi ɗan lokaci, sannan ki yi masa magana.

In kuwa ɗayanku ya haura mako 2 ba barci, ba cin abinci, ba walwala, to a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Ɗana, kai za ka raka ta da ƙafarka, kuma in kai ne, ka yarda a kai ka.