Wa Ke Gadin Gonar Zuciyarka?

Karatu: Karin Magana 4:20-27

Ɗan'uwa, a watan Oktoba 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga Kannywood saboda ta rungumi mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙarsa ta soyayya. Gari ya ɗauka. Amma korar ba ta goge bidiyon daga wayoyin mutane ba.

Hukuma tana iya hana waƙa, amma gadin zuciyarka aikinka ne. Ranar kasuwa a Bichi ko Dambatta, in ka miƙa wa mai tura waƙoƙi wayarka, me kake cewa ya zuba maka? 'Ya'yanka ne za su kalla da dare kana barci.

Ka san ƙuduji. Irinsa kamar ƙura yake, yana kama saiwar gero a ɓoye, kafin ya fito fili ya riga ya tsotse shukar. Haka abin da ido ya saba kallo yake cinye addu'ar mai bi.

Ba a aiko ka jifan kowa ba. Buɗe wayarka yau, ka goge duk abin da ba za ka iya kallo a gaban Yesu ba.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka tsare idona da kunnena, cikin sunan Yesu. Amin.