Rijiya Ta Bayar, Wa Zai Sayi Guga?

Jama'a, tambayar da nake so mu duba ita ce: shin daidai ne a karɓi kuɗin mutum a kan ruwan sha?

A da amsata ita ce a'a. Ruwa na Allah ne, har Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta zartar a 2010 cewa samunsa hakkin kowane ɗan Adam ne. Abin da ya sa na sake tunani shi ne famfon burtsatse na unguwar kakata a Gwaram. An haƙa shi kyauta, muna sha kyauta. Ran da ya lalace kuwa, kowa ya ce ai kayan gwamnati ne. Mai hali ya kira 'yan ga-ruwa, marar hali ya tura 'ya'yansa tonon yashi a Kogin Bunga. Ashe ruwan kyauta talaka ya fi yi wa tsada.

Dubi Birnin Kudu. Gari ne a kan dutse, ruwan ƙasarsa yana maƙale ne a tsagogin duwatsu. Kafin ya iso tulu sai an sa inji da bututu da makaniki, su kuwa ba sa saukowa da damina. Wato ruwan ba shi da mai shi, amma gugan yana da kuɗi.

Saboda haka nake ganin hikimar tsarin hukumar STOWA mai kula da ruwan ƙananan garuruwan Jihar Jigawa, inda masu shan ruwa ke kafa ƙungiyarsu, su tara 'yan kuɗin gyara. Sai dai ba zan kira wannan adalci ba sai da sharuɗɗa uku. Na farko, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Na biyu, a sa mata a ciki, don su suka san ranar da randa ta bushe. Na uku, a ɗauke wa gwauruwa da gajiyayye, kada rashin naira ya hana kowa sha. Gwamnati ma ba ta tsira ba, domin babban gyaran da ya fi ƙarfin unguwa yana wuyanta.

To, 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne injiniyoyi da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Idan kun je gida hutu, ku tambayi mai unguwa wanda ke riƙe da asusun famfonku, da ranar da aka yi lissafin ƙarshe.