Ya Gan Ka, Bai Gane Ka Ba

Karatun yau: Yohanna 20:11-16, Ayyukan Manzanni 12:12-16

A garin nan na Kano gaisuwa bashi ce. Kun yi sujada tare da ɗan'uwa ranar Lahadi, kun riƙe hannu kun yi addu'a, ranar Talata kun yi kiciɓis a Kasuwar Sabon Gari ko a bakin titi nan Tudun Wada, ya dube ka ido cikin ido ya wuce. Kafin ka isa gida ka gama yanke masa hukunci: girman kai ne, raini ne, ya samu kuɗi. Ka ɗan dakata da hukuncin nan. Mai yiwuwa ya gan ka sarai, amma bai gane ka ba.

Akwai wata lalura da ake kira makantar fuska, likitoci kuma suna ce mata furosofagnosiya. Idon mai ita lafiya lau. Yana karanta Littafi Mai Tsarki, yana zura zare a allura, yana ganin ido da hanci da baki, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta haɗa su ta ce masa wannan wane ne. Akwai wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, musamman a ɓangaren dama, da Allah ya ba aikin gane fuska. Wasu an haife su wannan yanki ba ya aikinsa yadda ya kamata, abin kuma yakan bi jini a iyali. Wasu kuwa bayan shanyewar ɓarin jiki ta same su, ko bayan buguwa a ka a haɗarin babur ko mota. Wani likita Bajamushe, Joachim Bodamer, shi ya ba ta suna a 1947. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Jamus ya nuna kimanin mutum 2 cikin 100 suna da ita tun haihuwa. In haka lissafin yake a wurinmu, ikkilisiya mai mutum 300 za ta iya samun shida, yawancinsu ba su ma san abin yana da suna ba. Ba rashin basira ba ne. Oliver Sacks, shahararren likitan ƙwaƙwalwa da ya rasu a 2015, ya ba da labarin yadda ya taɓa ba wani mai gemu haƙuri don ya kusa bangaje shi, ashe kansa ne a madubi.

Ta yaya irin wannan ɗan'uwa yake rayuwa a cikinmu? Da murya yake gane ka, da tafiyarka, da gashi, da tabarau, da bencin da ka saba zama. Yanzu ka tuna ranar da zumuntar mata suka fito da anko, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya ya rufe gashin kowa. Gare mu ranar murna ce. Ga 'yar'uwa mai wannan lalura, ranar fargaba ce: mata hamsin sun zama mace ɗaya, cikinsu kuma akwai surukarta da take jiran a durƙusa a gaishe ta. Ka tuna uwar da takan tsaya a ƙofar Makarantar Lahadi tana jiran ɗanta ya rugo gare ta, domin in an sake wa yaron riga ba za ta iya tsamo shi cikin yara ba, ba kuma za ta iya faɗa wa kowa ba. Dukanmu mun ɗan ɗanɗana a 2020, lokacin takunkumin Korona, sa'ad da muka riƙa wuce abokanmu. Mu mun cire namu takunkumin.

Littafi bai ce Maryamu Magadaliya tana da wannan lalura ba, kada wani ya tafi ya ce Fasto ya faɗa. Amma ka dubi abin da ya faru da asubar nan a bakin kabari. Tana tsaye gaban Ubangijin da ta bi tun daga Galili, ta gan shi da idonta, ta zaci mai aikin lambu ne. Yesu bai tsawata mata ba. Bai tuna mata aljanu bakwai da ya fitar daga cikinta don ta ji kunya ba. Ya kira sunanta, nan take ta gane shi. Haka Roda, baiwar gidan Maryamu uwar Yohanna Markus: cikin dare, ƙofa a rufe, muryar Bitrus kaɗai ta ji ta tabbata shi ne, alhali masu addu'a a cikin gida suna ce mata ta haukace. Ubangiji da kansa ya kwatanta masu binsa da tumakin da suke sanin makiyayinsu ta murya. Ashe hanyar da ɗan'uwan nan yake bi ya gane mutane ba abar raini ba ce a gaban Allah.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata ta mutu a cikin ikkilisiya. Ka tari mutum ka ce, "Ka gane ni kuwa? To, faɗi sunana." Kai wasa kake yi, shi gumi yake yi. Littafin Firistoci 19:14 ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe, wannan tambaya kuwa dutse ce a hanyar mai makantar fuska. Yakubu ya ci amfanin raunin idon mahaifinsa Ishaku, ya kuma biya da shekara ashirin nesa da gida. Me zai rage ka in ka miƙa hannu ka ce, "Ni ne wane, na ƙungiyar mawaƙa"? Masu tarbar baƙi a ƙofa da dattawan ikkilisiya su fara, sauran za su koya.

Ke kuma 'yar'uwa, kai ɗan'uwa, da kake karanta wannan kana jin labarinka ake bayarwa: ba la'ana ba ce, ba asiri aka yi maka ba, ba kuma rashin ƙauna ba ne. Mun gaskata Yesu yana warkarwa har yau, za mu kuma ɗora maka hannu mu roƙa. Amma kada ka jira warkarwa kafin ka daina ɓuya. Wasu sun daina zuwa taron addu'a, wasu sun koma bencin baya suna ficewa kafin a sa albarka, duk don gudun kunya. Ka faɗa wa mijinki ko matarka, ka faɗa wa Fasto, ka koyi cewa ba tare da sunkuyar da kai ba: "Ina da matsalar gane fuska, a taimake ni da suna." Har yanzu likitoci ba su da ƙwayar da ke kawar da ita, sai dabarun zama da ita. In kuwa a dā kana gane mutane, kwatsam ka daina, wannan na iya zama alamar matsala a ƙwaƙwalwa. A yi addu'a a kan hanya, a nufi asibiti a ranar, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa.

Addu'a: Ya Uba, kai da ka san kowannenmu da suna, ka tuna mini wanda na riƙe a zuciya saboda gaisuwa, ka ba ni ƙarfin zuwa wurinsa a makon nan. Ka taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yanka masu wannan lalura, ka cire musu kunya, ka ba su bakin faɗa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.