Ƙarar Ruwa a Gindin Dutsen Harmon

Karatu: Zabura 42 da 43

Mahajjatan Kirista da ke zuwa Ƙasa Mai Tsarki akan kai wasunsu Baniyas, a gindin Dutsen Harmon, wurin da Sabon Alkawari ya kira Kaisariya Filibi. Harmon ya haura mita 2,800, ƙanƙara kan rufe kansa da hunturu. In ta narke sai ta nutse cikin duwatsu, ta ɓullo a ƙasa ta zama maɓuɓɓuga, ɗaya daga cikin tushen Kogin Urdun. Daga nan akwai hanyar ƙafa da ke bin kwazazzabo, wani sashenta katako ne da aka kafa a jikin dutse, har ta kai mutum matsirgar da ruwa ke faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Tun kafin ido ya gan ta kunne ya ji ta. A gabanta kuwa sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji.

Masu nazarin Littafi Mai Tsarki da yawa suna ganin a wannan yanki ne marubucin Zabura ta 42 ya tsaya, domin ya ambaci Urdun da Harmon. Ba yawon buɗe ido ya kai shi ba. An raba shi da Haikali, inda dā yakan ja gaban taron masu sujada, maƙiya kuma suna masa gorin cewa Allahnsa ya yashe shi. Da ya ji rugugin ruwan, sai ya ga hoton abin da ke danne ransa.

Mutumin Mubi ba ya bukatar jirgin sama kafin ya fahimci wannan. Ya san yadda ruwan Agusta ke gangarowa daga duwatsun Mandara ya cika Yedzaram. Ya kuma san ranar 29 ga Oktoba, 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi. Iyalai suka hau duwatsu da ƙafa, da goyo da tsofaffi, wasu har Kamaru. Lahadi ta zo musu a gindin itace, babu majami'a, babu ƙungiyar mawaƙa, babu gangar zumuntar mata. An ƙwato garin a watan Nuwamba na shekarar, amma ba kowa ne ya dawo ba.

Abin lura a zaburar shi ne, marubucin bai ce ruwan na Shaiɗan ba ne, ko na maƙiyansa. Ya ce na Allah ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba kowane mai wa'azi ke son taɓa ta ba. Amma mutumin da ya gaskata cewa ambaliyar ba ta kuɓuce wa hannun Ubangiji ba, yana da wanda zai kai wa kuka. Shi ya sa ya yi ƙara, ya yi tambaya, bai ɓoye hawayensa ba. Sau uku a zaburorin biyu ya juya ya tambayi ransa dalilin karayarsa, sau uku ya umarce shi ya jira Allah. Da sau ɗaya ya isa, da bai maimaita ba. Masu gaggawar gaya wa gwauruwa cewa kukanta rashin bangaskiya ne, ya kamata su sake karanta wurin a hankali. Har zaburar ta ƙare marubucin bai koma Urushalima ba, yana roƙo ne kawai a kai shi.

A yankin nan ne kuma, bayan ɗaruruwan shekaru, Bitrus ya shaida cewa Yesu ne Almasihu, Yesu kuma ya fara gaya wa almajiransa a fili cewa zai sha wuya, a kashe shi, a rana ta uku ya tashi (Matiyu 16).

Yaran da aka goya aka hau dutse da su a 2014 yanzu sun yi wayo, da yawansu ba su taɓa jin labarin daga bakin iyayensu ba. A sujadar iyali ta dare, lokacin da ruwa ke dukan kwanon ɗaki, uba zai iya buɗe zaburorin nan biyu, ya bar ɗaya daga cikin yaran ya karanta, sa'an nan shi ko uwar su faɗa musu ta wace hanya aka bi, wa ya ba su ruwa, wa kuma aka rasa.