Ranar Da Ba A Hura Wuta

'Yan uwana mata, sunan Asabar ɗin nan tushensa ɗaya da Shabbat, ranar hutun Yahudawa. Daga faɗuwar rana ran Juma'a har taurari su fito washegari, masu riƙo da addinin ba sa hura wuta, ba ɗinki, ba kwaɓa gari. Ayyuka iri 39 malamansu suka lissafa. Tun kafin magariba uwargida ta sauke tukunyarta. A Attaura har bawa da jaki an ce su huta.

Abin da ya tsaya mini a rai, hutun nan ibada ce a wurinsu. Kin ga kenan ba alfarmar maigida ba ce, balle ya janye ta don baƙi sun sauka. Mu kuwa, ko ranar Sallah, wa ke bakin murhu tun asuba?