Makaɗin da ya ajiye ganga ya koma lakwal

Ɗan'uwa mai karatu, ga wata magana, zo mu auna ta tare.

A ce ga wani makaɗi a Tsibiri, shekararsa 35. Ubansa makaɗi ne, kakansa ma haka, a ƙofar Sarkin Gobir suka ci suka sha. Yana da mata da ƴaƴa huɗu. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci kamar yadda ka shiga. Ya iya karatu, ya iya lissafi, har lissafin ya shiga ransa. Ran nan sai ya ce ya bar kiɗi, karatun injiniya zai yi, wato sanin inji da wutar lantarki da gini. Wasu suka ce ya haukace. Wasu suka ce ya wulaƙanta gado. To kai me ka gani?

Mu fara da shekaru, don nan ne mutane suka fi tsayawa. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne yaro ya fi babba saurin hadda. Amma babba ya san abin da ya kai shi aji, yaro kuwa kai shi aka yi. Kai ma shaida ne. Ranar da ka fara riƙe alli, ai akwai waɗanda suka yi maka dariya. Ga shi yau kana karanta wannan takarda da kanka.

An taɓa yin irin wannan a Amurka. Wani mutum mai suna Samuel Morse sana'arsa zanen hotunan mutane, ya kuma yi suna. A 1825 yana aiki a birnin Washinton matarsa ta rasu a gida. Kafin ya samu wasiƙa ya iso, har an binne ta. Sai da ya kai shekara 40 da ɗoriya ya duƙufa wajen neman yadda za a aika saƙo ta waya. Bai san sirrin lantarki sosai ba, ya je ya tambayi masana, bai ji kunya ba. A 1844 saƙonsa ya tashi daga Washinton ya isa Baltimo ta wayar tangaraho. Lokacin ya wuce shekara 50.

Ƙasarmu kuma tana bukatar masu wannan sani. Je ka Jiratawa ka gani. Tun farkon shekarun 1980 aka gyara fadamar noman rani, hekta wajen 500. Ruwanta daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, famfunan lantarki ke jawo shi. Ranar da famfo ya tsaya, zogale da albasa da tumatir ba su san haƙuri ba. Kwanaki kaɗan na rani sun isa su ƙone wahalar wata uku. A ranar nan, wanda ya san ciwon famfo ya fi kowa daraja a gari. Ni ina ganin ma makaɗi yana da abin da zai kai can. Kunnen da ya saba jin ganga ta saki tun jama'a ba su lura ba, zai ji inji ya sake murya tun bai mutu ba. Tambayi kowane makanike a tashar Maraɗi, da kunne yake fara bincike, kafin ya ɗauki sifana.

Saboda haka ban ga laifi wajen shekaru ba. Inda maganar take da nauyi dabam ne.

Hanyar tana da tsawo, kada a ruɗe ka. Ɗan lakwal yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, sannan ya ci jarrabawar bak. Bayan nan ne zai shiga jami'a. A Maraɗi akwai lise ta koyon fasaha mai sunan Ɗan Kasawa. Akwai kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wadda aka kafa a 2010, ana koyar da gini da lantarki da aikin inji a cikinta. Babba mai himma yana iya rage hanya, ya yi karatu da dare ya shiga jarrabawa da kansa. Duk da haka shekaru ne, ba watanni ba. A cikin shekarun nan wa zai cika rumbu? Wa zai sayi magani in yaro ya kwanta? Shi ne ya ga hasken karatu, amma matarsa ce za ta daka hatsin da bai kai ba. In bai zauna da ita ba, bai gaya mata gaskiyar shekarun ba, ya ci bashin da bai nemi izini ba. Wannan kam laifi ne, ko da ya dawo da takardar shaida mai hatimi goma. In kuwa sun yi shawara, ta yarda, ya riƙe gonarsa da damina, ya taɓa kiɗin biki ran Lahadi don kuɗin cefane, ba wanda ya isa ya zarge shi. Wani ma zai ga ya fi masa ya fara da cibiyar koyon sana'a, ya iya gyaran famfo cikin shekara biyu ko uku, ya riƙa ci da shi, sannan ya ƙara gaba in Allah ya nufa.

Sai maganar gado. A nan masu zargi suna da gaskiyarsu, kada mu raina su. Makaɗin fada ba nishaɗi kaɗai yake yi ba. A kansa sunayen sarakuna suke, da kirarinsu, da labarin yadda Gobirawa suka zauna Tsibiri, da yadda Katsinawa suka kafa Maraɗi bayan sun baro Katsina. Yawancin wannan ba a rubuce yake ba. Ilimin famfo yana cikin littattafai, in wani bai koya ba wani zai koya. Abin da ke kan makaɗi kuwa, in ya tafi da shi bai ba kowa ba, ya tafi ke nan. Kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Ajiya ce aka ba ubansa, ubansa ya ba shi.

Amma ajiya ba sarƙa ba ce. Ba a ce sai ya mutu da ganga a kafaɗa ba, an dai ce kada ta ɓace a hannunsa. Yana da ƙane, yana da ɗan wa, akwai yaran unguwa da ke binsa wurin biki suna kwaikwayonsa da gwangwani. Ya zaɓi ɗaya ya koya masa. Ga shi kuma yanzu yana da abin da kakansa bai samu ba, ya iya rubutu. Kafin ya sayi littafin lissafi, ya sayi wani littafin na dabam. Kowane dare ya zauna wurin tsohonsa, in yana da rai, ya rubuta sunayen da kirarin ɗaya bayan ɗaya, da wanda aka yi wa, da dalilin da ya sa aka yi masa. In ya cika shi, ya ba yaron da ya ba gangar.