Harshe uku, ban da na kaka

Bara na yi wata huɗu ina koyar da wani yaro a gidansu, nan Yamai, don in samu kuɗin sabulu kafin burs ta fito. Shekararsa 11, yana ɗaya daga cikin makarantun nan na ƙasa da ƙasa. Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Ingilishi ma haka, har ya fara Sifaniyanci. Abokan ajinsa akwai ɗan Labanan, da ɗan Sin, da ɗiyar Kamaru. Wata rana kakarsa ta zo daga Tasawa ganin likita. Ta ce da shi: "Maigidana, ko kallo ban samu ba?" Yaron ya juyo ya tambaye ni da Faransanci: mi ta ce? Ni, baƙon da ake biya da awa, na zama tafinta tsakanin jika da kaka.

Tun ranar tambaya guda take damuna. Makarantun nan suna cewa tarbiyyar mutum gaba ɗaya suke yi: ƙwaƙwalwa, jiki, hali da zama da mutane. To, shin tarbiyya tana cika idan ta tsallake harshen gidan da yaro ya fito?

Mu fara ba su haƙƙinsu, don hassada ba hujja ba ce. Yaron nan bai san bulala ba. Yana tambaya ba tare da tsoro ba, yana karanta littafi don jin daɗi, yana zane, yana iyo. Mu da muka taso cikin lakwal ɗin gwamnati, wasunmu cikin ajin zana, mun san yadda ake haddace darasi don kar mushe ya ci mutuncinka, a rubuta a jarrabawa, a manta. Wanda ya ce bai yi wa ƙanensa fatan irin wancan aji ba, bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai a duba asalin abin. Makarantar ƙasa da ƙasa ta Janiba, a Suwis, an buɗe ta a 1924 don ƴaƴan ma'aikatan Ƙungiyar Ƙasashe da ta Ƙwadago ta Duniya. A garin ne kuma aka kafa tsarin bak na ƙasa da ƙasa a 1968. Matsalar da suka zo warwarewa ita ce ta yaron da iyayensa ke ƙaura daga wannan ƙasa zuwa waccan, yana buƙatar takardar da za a karɓa ko'ina. Ɗan baƙo, wannan tsari ya dace da shi. Amma idan ɗan Tasawa ya shiga, sai a rene shi kamar mai wucewa a ƙasar da aka binne cibiyarsa.

A darasinmu na kimiyyar harshe mun ga bambancin da wani masani ɗan Kanada, Wallace Lambert, ya yi tsakanin iya harshe biyu iri biyu. Akwai inda sabon harshe ke ƙaruwa a kan na gida, akwai inda yake cinye shi. Ɗan Sin na ajin ya koma gida ya yi Sinanci, domin ba wanda ya taɓa nuna masa harshensa abin kunya ne. Namu kuwa, Hausa da Zabarmanci a kunnensa harsunan mai gadi ne da direba da ƴar aiki. Ba wanda ya faɗa masa haka da baki. Ya dai lura da wa ke magana da mi, ya gane darasin.

Nan ne kalmar "al'adu daban-daban" take ba ni dariya. Fasfo daban-daban dai, aljihu iri ɗaya. Je ka kowane lise na gwamnati a Yamai: Bazabarme, Bahaushe, Bafillace, Buzu, Babarbare, ɗan Tubawa, ɗan mai galla da ɗan fonksiyone, duk kan banci guda. Wancan cakuɗuwar ba a sa ta a allon talla, amma ita ke koya maka cin tuwo da wanda bai yi kama da kai ba.

Kar kuma mu wanke kanmu. Lakwal ɗinmu ma da Faransanci ta karɓe mu tun ranar farko, iyayenmu kuwa sun sha rataya sambal a wuya don sun yi Hausa a fili. Abdu Mumuni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana kare koyarwa da harsunanmu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk da haka, mu nawa ne za mu iya rubuta shafi guda da Hausa ba kuskure? Yaron nan madubinmu ne, nasa dai ya fi girma.

Ni ban ce a rufe makarantun nan ba, ban kuma ce uban da ya kai ɗansa ya yi laifi ba. Abin da na ce, makarantar da ta zauna a ƙasarmu, ta sha ruwan Isa, tana da bashi: ta koyar da harshen ƙasa da irin darajar da take ba Sifaniyanci, da maki, da littafi, da malamin da ake biya daidai da sauran. In ba ta yi ba, ta kira abin da take bayarwa ilimi mai kyau, za mu yarda. Cikakke ne dai ba za mu yarda ba.

Minti goma na ƙarshen kowane darasi na riƙa koya wa yaron gaisuwa. Ranar da kakar za ta koma, ya ce da ita: "Allah shi kiyaye hanya, matata." Lafazin ya karkace. Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta kwance bakin zane ta ba shi dala ashirin.